Waƙa ta koma sai mai kuɗin talla

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan harkar waƙa, don wallahi abin yana damuna. Yanzu yaro zai shiga situdiyo, muryar ma ba ta zauna ba, sai kwamfuta ta gyara masa ita, ya yi hayar mota da gida na kwana ɗaya a ɗauki bidiyo, sannan ya biya masu mabiya a TikTok su yi rawa da sakan talatin na waƙar, shi ke nan wai ya zama tauraro. Wasu har masu kallo suke saye a YouTube don a ce waƙa ta karɓu.

A nan Jos fa aka yi Dan Maraya, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2015. Kuntigi ne kawai a hannunsa mai tsirkiya ɗaya, ba tawaga ba manaja, amma ya yi wa talaka waƙa, ya yi wa zaman aure, har gobe ana saurare. Kuma irinsa ba su ƙare ba, ku zaga Gangare da Unguwar Rogo da Bukuru ku ji yaran da ke tsara baiti mai ma'ana, kuɗin data ma gagararsu yake balle na talla.

Roƙona ga gidajen rediyonmu da ku 'yan jarida, ku ware fili ko sau ɗaya a mako ku nemo yaran nan ku saka waƙoƙinsu ba sai sun biya ba.

Naku,
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos