Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Tsaro: A Bai Wa Fagen Daga Kwamanda Ɗaya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sojan da ke kwance cikin rami, harsasai na wucewa ta kansa, oba-oba a hannu, yana neman jirgin yaƙi ya kawo ɗauki. Shi sojan ƙasa ne, jirgin kuwa na sojan sama. In har sai kukansa ya hau hedikwatar rundunarsa, ya tsallaka zuwa ta maƙwabta, sannan oda ta gangaro, to kafin jirgi ya tashi mai afkuwa ta afku.

Raba sojoji gida uku, ƙasa da ruwa da sama, ba aibu ba ne, don kowa da irin horonsa da kayan aikinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar yaƙi, lokacin da kowane babban hafsa ke jin mutanensa nasa ne shi kaɗai.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta a kan wannan. A Afrilun 1980 ta tura dakaru daga rundunoni daban-daban su ceto mutanenta da aka yi garkuwa da su a Tehran. Ko birnin ba su kai ba, jirgi mai saukar ungulu ya ci karo da jirgin dakon kaya a hamada, sojoji 8 suka mutu. A 1983 kuma, da ta kai mamaya tsibirin Girenada da ke yankin Karibiyan, na'urorin sadarwar sojan ƙasa da na ruwa ba sa jin juna. Sai a 1986 majalisarsu ta yi dokar Goldwater-Nichols: umarnin yaƙi ya fito daga shugaban ƙasa, ya bi ta sakataren tsaro, ya faɗa hannun kwamanda ɗaya da ke riƙe da kowa a yankinsa. Hafsoshin rundunoni aka bar musu horarwa da samar da makamai. Abin da ya fi burge ni, dokar ta sa yin aikin haɗin gwiwa da sauran rundunoni ya zama sharaɗin kaiwa muƙamin janar.

Ranka ya daɗe, irin wannan gyara da wuya ya fito daga bariki, don ba wanda zai rage ikonsa da hannunsa. Aikin ofishinka ne da majalisa. Ina roƙonka ka kai ƙudiri gabanta, kuma daga kasafin baɗi kada a saya wa wata runduna na'urar sadarwa sai an gwada ta da ta sauran biyun.

Ka huta lafiya.