Na'urar kare tsawa ita ma tana buƙatar birekarta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu aikin wayarin, da masu gidajen da muke yi wa aiki, tunda ga damina ta kawo kai.

Kwanakin baya aka kira ni wani gida a unguwarmu da sassafe. Tun daga zaure ƙaurin ƙonannen roba ya tare ni. Da na buɗe akwatin rarraba wuta, sai na tarar na'urar kare kaya daga tsawa, wadda muke kira SPD, ta narke ta manne da birekar da ke kusa da ita, murfin ya yi baƙi ƙirin. Maigidan sai salati yake yi, yana cewa ai don gudun irin wannan ya saye ta. Da na bi wayoyin, sai na ga wanda ya yi aikin ya jona ta kai tsaye, ba bireka ba fiyus. Na leƙa katawut ɗin da ke wajen mita, wato mazaunin babban fiyus na gida, a gurbin fiyus sai ga wayar tagulla mai kauri an nannaɗe.

A cikin na'urar nan akwai wani ɗan faifai da ba ya barin wuta ta bi ta cikinsa muddin tana kan ƙarfinta na yau da kullum, wato bolt 230. Idan tsawa ta faɗa kusa da layi wuta ta yi tsalle, sai ya buɗe hanya cikin ƙiftawar ido ya zubar da rarar zuwa ƙasa. Amma duk bugun da ya sha yana rage masa ƙarfi. Wata rana sai ya gaji ya bar hanyar a buɗe, ya zama tamkar an haɗa waya mai wuta da ta ƙasa. Masu ƙera ta sun sa mata abin da ke cire ta idan ta yi zafi, shi ne za ka ga 'yar tagar gabanta ta koma ja daga kore. Sai dai wannan ba ya iya yanke babbar wutar da ke kwarara idan ta mutu farat ɗaya. Aikin bireka ko fiyus ke nan.

A Ingila, inda muka gaji tsarin wayarin ɗinmu, ƙa'idar aikin wayarin mai suna BS 7671 ta 2018 da gyaran da aka yi mata a 2022 sun sa na'urar ta zama kusan dole a sabon aiki. Can ma masu sana'a na muhawara ko sai an ware mata bireka, domin wasu kamfanoni sun yarda babban fiyus na gida, mai amfiya 100, ya wadatar. To, su fiyus ɗinsu na gaske ne, a rufe da hatimi. Mu da namu yakan zama guntun waya fa? Ni dai ba na sa ta sai da birekarta, gwargwadon abin da takardar kamfanin ta ce, galibi mai amfiya 32.

Abin da ya faru a gidan can ma ba tsawa ba ce. Wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta tsinke a kan turken lantarki, wuta ta haura ta doshi bolt 400 ta zauna. SPD ba a yi ta don wannan ba, zafi kawai za ta yi ta ɗauka. Mai son kariya daga irin wannan sai ya ƙara na'urar da ke yanke wuta idan ta wuce kima.

Sannan a gajarta wayoyinta, jimillarsu kada ta wuce rabin mita in da hali, a kuma tabbatar sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa don rarar wuta ta bi ta shige ƙasa, tana aiki, ba ƙarfen da aka soka a busasshen yashi don ganin ido ba. Maigida kuma, bayan kowane hadari mai tsawa, ka leƙa tagar nan. In ta yi ja, ko ka ga birekarta ta faɗi, wutar gidanka ba za ta ɗauke ba balle ka farga, amma firij da talabijin sun zauna ba mai tsaronsu. Kira mai gyara ya canza ta.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai aikin wayarin, daga Kano