Fim ɗin gem sai wanda ya buga gem ɗin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Daga Agege nake rubutowa, kan finafinan kwamfuta da ake ɗorawa a kan labarin gem. Kwanaki na kunna wa ƙannena Final Fantasy VII: Advent Children, wanda kamfanin Square Enix na Japan ya fitar a 2005, wallahi faɗan kan babur ɗin nan kaɗai ya isa ka manta zane ne ba mutane ba, gashin Cloud, jarumin fim ɗin, ma har kaɗawa yake.

Amma fa ba a yi minti ashirin ba ƙaramin ya fara, Yaya wai waye Sephiroth ɗin nan, me ya haɗa shi da Cloud? Ai dole. Labarin ya tashi ne shekara biyu bayan ƙarshen gem ɗin Final Fantasy VII na 1997, mu da muka ƙarar da kuɗin tara a shagon PlayStation muna canja faifai uku mun san komai, su kuwa sai kallon takobi. Ɗan bayanin farkon fim ɗin bai isa ba sam.

Masu yi mana fassarar finafinan Indiya, don Allah in za ku taɓa irin wannan ku fara ba da tarihin gem ɗin tukuna, ko na minti biyar ne.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas