A samar wa masu wasan mota fili, su bar mana titin ƙauye

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ban fili a jaridarka in yi magana kan yaran nan masu gudu da motoci da ke fitowa daga birni suna gwada injinsu a titin Kano zuwa Wudil har gaba wajenmu.

Ni bakanike ne, garejina yana bakin titi a wani ƙauye gaba da Wudil, kuma wallahi ni ma ina son mota mai ƙarfi, in na ji kukan BMW mai silinda 6 daga nesa sai na ɗago kai daga ƙarƙashin motar da nake gyara. Toh amma abin da nake gani da idona shi ke hana ni barci.

Kwanaki wani yaro ya tsaya mun da irin wannan motar tana tafasa. An canja mata salansa tana ta ƙara kamar aradu, an sa mata ƙafafu masu ƙyalli, an zaunar da ita ƙasa har tana shafar titi, kuɗi dai an kashe. Na buɗe tulun man birki na ga man ya yi baƙi ƙirin kamar shayin da ya kwana, na ce ɗan samari yaushe rabon da a canja wannan? Ya ce ai birki na ci Baba, tun da ya sayi motar ba a taɓa shi ba. Na duba tayar gaba, lambobin nan guda 4 da ke gefen kowace taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, sai na tarar tayar ta haura shekara 10, ƴar gwanjo ce duk ta tsattsage a gefe, kuma a kanta yake faɗa mun ya taka gudun kilomita 160 a awa.

Mutane ba su san man birki yana shan ruwa daga iska ba. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 kafin ya tafasa, amma in ya tsufa ya sha ruwa tun wajen 155 zai iya tafasa, kuma da ya tafasa ka taka birki sai ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa ba komai. Ga kuma lissafin da ba ya canjawa, in ka ninka gudu biyu nisan da za ka ci kafin birki ya tsayar da kai ninkawa yake sau huɗu. Mai gudun 160 yana cinye sama da mita 44 a daƙiƙa ɗaya, yanzu dan Allah a ranar Juma'a da ake cin kasuwar Wudil, ga shanu ana korawa, ga amalanke, ga ƴan mata masu tallan gyaɗa suna tsallakawa, ina zai tsaya? Mu ma kanikawa da laifinmu, mu ne muke cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, mu haɗa fanka kai tsaye mu ce wai ƙasarmu zafi gare ta, mu karɓi kuɗin gyaran salansa ba mu ce wa yaro komai kan birkinsa ba.

Kamu kaɗai ba zai hana ba, an daɗe ana kama su ana saki. A Jamus akwai filin Nürburgring, tsawonsa ya haura kilomita 20, mutum zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ya yi gudunsa, kowa hanya ɗaya ya nufa babu mai tsallakawa. A filayen tsere na gaske kuwa kafin a bar ka shiga sai an duba birki da taya da bel ɗin ɗaure jiki, ka sa hular kwano, ga motar asibiti a tsaye. Mu ma ai ba baƙon abu ba ne a wajenmu, doki muna da filin sukuwa a Kano, ƴan dambe suna da dandalinsu, ba a taɓa cewa su zo tsakiyar kasuwa su yi ba.

Ina roƙon gwamnatocin Kano da Jigawa da masu hannu da shuni su ware fili nesa da gari a shinge shi, ko da zagaye ɗaya ne na kwalta, jami'an kiyaye haɗurra su tsaya a ƙofa, kanikawa mu dinga duba mota kafin ta shiga, duk wanda aka kama yana wannan gudun a titin jama'a bayan haka a ƙwace lasisinsa. Shi wancan yaron na canja masa man birki, na ce ya wuce kasuwar Kofar Ruwa a Kano ya nemi sabbin tayoyi kafin komai, ya ce to Baba, amma yana hawa kwalta na ji ya buɗe mata wuta.

Naka,
Wani bakanike daga yankin Wudil, jihar Kano