A Ɗaura wa Rangwamen Gidajen Gwamnati Sharaɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in tofa albarkacin bakina a kan batun da ba ya barin bakin ma'aikata a nan Gombe, wato sayar wa mazauna gidajen gwamnati gidajen da suke haya a ciki bisa farashi mai rangwame. Ni tsohon malamin makaranta ne, na yi shekara 19 a kwatas ana yankar kuɗin haya daga albashina kafin in ajiye aiki, saboda haka ba daga nesa nake hangen lamarin ba.

Ina goyon bayan a sayar. Ma'aikacin da zai yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 bisa dokar 2024, da wuya ya tara abin da zai sayi fili ya ɗora masa gini. Sau da yawa kuma shi ne ya sauya kwanon gidan da ya fara yoyo, ya sake haƙa masai, ya dasa dogonyaron da ke tsakar gida, duk daga aljihunsa. Amma akwai abin da mu mazauna kwatas ba mu cika son a tuna mana ba: rangwamen nan dukiyar jama'a ce. Manomin Dukku da mai tireda a kasuwar Kumo suna da haƙƙi a cikin kuɗin da aka gina gidan da shi, alhali ba za a taɓa miƙa musu mabuɗi ba. Idan gwamnati ta yafe wa mutum rabin kuɗin gida, ta yi hakan ne don ya zauna a ciki da iyalinsa, kuma dole wannan manufa ta fito a rubuce a matsayin sharaɗi tun kafin a karɓi sisin kowa.

Birtaniya ta riga mu taka wannan hanya. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar da ta bai wa 'yan hayar gidajen ƙananan hukumomi 'yancin sayen gidajensu, da rangwamen kashi 33 cikin ɗari ga wanda ya shekara uku a gida, yana ƙaruwa da yawan shekaru har ya kai kashi 50. An sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai, sai dai an ɗaure hannun ƙananan hukumomin wajen kashe kuɗin cinikin a kan sababbin gine-gine, don haka gidajen suka ragu, layin masu jira ya yi tsawo. Yankin Sukotilan ya soke tsarin a 2016, yankin Wales ya bi sahu a 2019, sannan a watan Nuwamba na 2024 aka zaftare iyakar rangwamen a Ingila zuwa tsakanin fam 16,000 da 38,000. Duk da haka suna da ƙa'ida guda da nake ganin ta dace da mu: wanda ya sayar da gidan a shekarar farko zai mayar da rangwamen gaba ɗaya, a shekara ta biyu ya mayar da kashi 80, haka abin yake raguwa har shekara biyar, kuma cikin shekara goma na farko sai ya fara yi wa hukumar da ta sayar masa tayi kafin ya kai gidan kasuwa.

A nan gida ma ba sabon abu ba ne, domin bayan gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida da na mota zuwa tsabar kuɗi a 2003, an sayar da gidajen gwamnatin tarayya a Abuja lokacin da Nasir El-Rufa'i yake minista, aka kuma bai wa ma'aikatan da ke ciki damar fara saye. Abin da ido ya gane mini a wani cinikin irin wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wani abokin aikina ya samu takardar tayi amma ba shi da kuɗin kafin alƙalami, wa'adin biya kuma gajere ne. Dillali ya zo da wani mai hali, aka biya da sunan malamin, aka sallame shi da ɗan abin da bai kai kuɗin fili a bayan gari ba. Yau yana haya a ɗaki biyu, gidan kuma an rushe shi an yi shaguna. A takarda ma'aikaci ne ya amfana.

Wannan ya nuna cewa hana sake sayarwa kaɗai ba zai wadatar ba matuƙar hanyar biyan ta fi ƙarfin mazaunin. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi biyu da rabi na albashi dominsa, yana kuma ba da lamuni da ruwan kashi 6, amma da yawa daga cikinmu ba za su taɓa bashin da ke da ruwa ba ko da za su kwana a titi. Ya fi dacewa a tsayar da farashi guda, a riƙa yanka daga albashi wata-wata ba tare da ƙari ba, wanda kuma ya yi ritaya yana bin garatuti a cire kuɗin gidan daga abin da yake bi.

Sai kuma tambayar da aka fi yi wa kwana: wane ne mazauni? Akwai gidajen da sunan da ke kan takardar rabo na wani babba ne da ya daɗe da gina nasa a wata unguwa, ya zuba 'yan haya yana karɓar kuɗi. A ganina wanda yake kwana a gidan kuma ake cire masa haya shi ne mazauni, wanda ya taɓa samun gidan gwamnati da rangwame kada a sake ba shi, kuma a liƙa sunayen a bainar jama'a na tsawon wata guda don maƙwabta su yi magana, tunda su ne suka san wanda ke fitowa sallar asuba daga kowace ƙofa. Matar da mijinta ya rasu yana bakin aiki, wadda a yanzu takan fita takaba ta tarar da takardar tashi, ya kamata damar sayen ta koma kanta da marayunta. Haka nan idan mai sayen ya rasu kafin wa'adin ya cika, kada sharaɗin ya hana magada sayarwa domin rabon gado, saboda ba ciniki ne ya kai su ba.

Kada kuma a tsaya a rasit. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, don haka duk wanda ya gama biya a miƙa masa takardar shaidar mallaka cikin lokacin da aka ƙayyade, ba sai ya yi ta safa da marwa a ofisoshi ba.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a suke ƙaruwa, ga kuma 'yan'uwanmu da rikici ya koro daga Barno da Yobe. Matashin malamin da aka ɗauka aiki bana yana buƙatar irin kwatas ɗin da na samu. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jiha da ta sanya a doka cewa kuɗin kowane gida da aka sayar ya shiga asusu na musamman da ba a taɓa shi sai don ginin wani, a kuma riƙa karanta adadin waɗanda aka sayar da waɗanda aka gina a zauren majalisa kowace shekara.

Wassalam.

Tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Gombe.