Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Accra Kan Saɓanin Wurin Aiki

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, ɗana Babangida.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa mako uku ke nan ba ka magana da abokin aikinka, har kana tunanin ajiye aikin. Na zaɓi in rubuto maka ne domin takarda za ka iya sake karanta ta bayan zuciyarka ta huce.

Saɓanin bai dame ni ba, domin ko harshe da haƙori sukan saɓa. Abin da ya dame ni shi ne gabar, da kuma yadda ka riga ka yanke hukunci cewa mutumin yana ƙinka ne don kai ɗan Zango ne. Lokacin da nake kula da sito a wani kamfani a nan Kumasi, na yi watanni ba ma ga maciji da wani Ba'asante da muke aiki tare, kowa yana cewa ƙabilanci ne, ni ma na ɗauka haka. Ranar da manaja ya zaunar da mu, sai ta bayyana cewa ni aka ba mabuɗi, shi kuma aka ba shi littafin shigar da kaya, amma ba a fayyace wanda zai sa hannu idan mota ta sauke kaya ba, saboda haka duk buhun da ya ɓace kowannenmu yakan ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Layi biyu aka rubuta a takarda, rigimar ta mutu, kuma mutumin nan yana cikin waɗanda suka zo sunanka. Ƙabilanci yana nan a wuraren aiki, ban musa ba, amma kafin ka zargi abokin aikinka da shi, ka bincika ko iyakar aikinku ce ba a shata ba.

Ka same shi ku biyu kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ba kuma a zauren WhatsApp na ofis ba. Ka faɗi abin da ya faru, da ranar, da yadda ya ɓata maka aiki, ka bar zancen halinsa, sannan ka yi shiru ka saurare shi har ya gama. Masu kawo maka "ya ce, ya ce" kuwa ka rufe musu ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ka kuma tuna addini bai yarda a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba, ina ganin haƙƙin abokin zama ma ya cancanci irin wannan kiyayewa.

Idan hakan bai yi ba, ka kai wa shugaban sashenku, daga nan ofishin kula da ma'aikata, a rubuce, ka kuma ajiye kwafi. Kada ka tsallake na kusa ka tafi wurin na sama, domin za ka mayar da maƙiyi ɗaya biyu. Haƙurin da nake hore ka da shi ba ya nufin ka haɗiye zalunci. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003, mai lamba 651, ta kafa Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa domin sasanta ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, kuma can ake kai ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba. Wakilin ƙungiyar ma'aikatanku zai nuna maka hanya.

Game da ajiye aiki, kada ka rubuta takardar cikin fushi. Dokar ta nemi sanarwar wata guda idan kwantiragin ya kai shekara uku, ko mako biyu idan bai kai ba, kuma wanda ya fita da kansa yakan raunana ƙararsa.

Ka yi magana da shi kafin Juma'a, sannan ka kira ni in ji yadda kuka yi. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka