A Jos har tattabaru da karnuka suna da hannu a zumuncinmu

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida, dan Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan garinmu Jos, don na lura labarinmu kala biyu ne yake fitowa, ko dai an yi rikici an sa dokar hana fita, ko kuma lokacin hutu ya zo a buga hoton dutsen Riyom da ruwan Assop a ce ga wajen shaƙatawa. Duka biyun akwai su ban musa ba. Amma mu da muke kwana muke tashi a nan akwai wata rayuwa tsakanin waɗannan biyun da ba kasafai ake faɗinta ba, rayuwar gida da maƙwabta da abokai da 'yan dabbobin da muke kiwo, kuma ni a ganina ita ce take riƙe da garin har yau, shi yasa nake so a san da ita a kuma kula da ita.

Garin nan a kan tudu yake, wajen mita 1,200 sama da teku, in ka hau tsaunin Shere kuwa ka haura mita 1,800, wannan ne yasa tun zamanin haƙar kuza Turawa suka maida shi wajen hutawarsu, har gobe kuma duk wanda zafi ya dama Jos yake tunawa. To amma sanyin da baƙo yake zuwa nema mu aiki ne a wajenmu. Daga Disamba zuwa Janairu uwargida tun kafin kiran assalatu ta hura gawayi a kurfoti ta ɗora tukunyar ruwa, don ruwan da ya kwana a jarka in ka taɓa shi da asuba wallahi sai yatsunka sun ƙage, yara kuwa suwaita biyu da safa da hular sanyi, a shafe musu fuska da ƙafa da man kaɗanya kafin su fita makaranta, in ba haka ba kafin sati leɓe ya tsage kaushi ya fito. 'Yan gwanjon Katako lokacin kasuwarsu kenan, haka masu shayi. Kuma tunda na ambaci gawayi bari in roƙi jama'a, dan girman Allah a daina kwana da shi a ɗaki a rufe ƙofa da taga, hayaƙin da yake kisa ba a ganinsa ba a jin warinsa, mutum yana barci yake tafiya. A ɗumama ɗakin a fitar da shi waje kafin a kwanta.

Mahaifiyata Hajiya tana da wata kyanwa fara mai ɗigon baƙi a hanci, ita ce take fara sanar da mu hunturu ya shigo, don ranar da ka ga ta bar kan katanga ta dawo gindin murhu ta naɗe to fito da barguna. Da asuba in Hajiya ta idar da sallah tana lazimi kyanwar sai ta zo ta shige cikin mayafinta ta kwanta kan ƙafarta tana wannan gurnanin nata, Hajiya ba ta motsawa sai ta gama, shayinta ma har ya huce ba za ta tashe ta ba. Tun rasuwar Baba ita ce abokiyar hirarta in duk mun watse wajen nema. Kuma albarkacinta ɓera bai taɓa mana buhun masara ko acca ba.

In zafi ya tsananta a Kano da Sakkwato da Maiduguri wajen Maris da Afrilu, ko hutun sallah ya zo, gidanmu ba ya rabuwa da baƙi, 'yan uwa da yaransu, a shimfiɗa katifu har falo, kuma muna jin daɗin hakan sosai. Mukan kai su gidan tarihi da aka buɗe tun 1952 da gidan zu da ke gefensa, wata rana a tafi babban gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin gwamna Joseph Gomwalk, ranar komawa kuma dole a biya Farin Gada a cika but da kabeji da karas da koren wake da dankalin turawa na Bokkos da Mangu, in lokacin sanyi ne a haɗa da sitiroberi na wajen Vom. Uwargida ta yi musu gwaten acca da yakuwa da gauta, wanda ya fara yatsina fuska shi yake neman ƙari. Sai dai kusan duk baƙon da ya zo akwai tambayar da yake yi a hankali in yara sun yi barci, wai wace unguwa ce ake shiga wacce ce ba a shiga.

Tambayar tana min ciwo amma ba zan ga laifinsu ba. Daga rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, mutane sun tashi daga inda aka haife su, Musulmi suka tattaru waje guda Kirista waje guda, wasu sun sayar da gida a wulaƙance wasu ko sayarwar ba su samu yi ba. Babbar kasuwar Taminus da take haɗa kowa da kowa ta ƙone a 2002. Ina da aboki Birom da muka yi firamare tare, a da gidansu da namu taku kaɗan ne, mahaifiyarsa ita take aiko mana da kaji da shinkafa in kirsimeti ya zo mu kuma mu kai musu naman layya, yanzu yana can wajen Bukuru, shekaru suka wuce sai dai gaisuwa a waya ko a Facebook. Hausawa suka ce zumunci a ƙafa yake, to ƙafar ce ta daina zuwa.

Abinda ya dawo da ƙafar tattabaru ne. Ɗana na biyu yana kiwonsu, ya haɗa musu ɗaki da katako da ragar waya a saman bandaki, kuɗin tara da ake ba shi rabi a gero da dawa yake ƙarewa, da yamma in ya dawo islamiyya sai ya hau ya sake su yana fito suna kewaya unguwa. Ashe ɗan abokin nan nawa shima harkarsa kenan, a wani zauren WhatsApp na masu tattabaru suka haɗu ba tare da sun san iyayensu sun san juna ba, suka yi cinikin 'yan shila biyu, yaron ya ce shi zai kawo da kansa. Ranar ina zaune ƙofar gida na ga yaro ya sauko daga keke napep rungume da kwali mai huji huji yana waige waige, kana ganinsa ka san gabansa faɗuwa yake, ina kallon fuskarsa na ga ta babansa sak. Na tambaye shi ɗan wane ne, ya faɗa, na ce shigo nan gidanku ne. Hajiya da ta ji ko jikan waye sai da ta yi hawaye, ta hana shi tafiya sai da ya ci tuwo. Sati na zagayowa uban da kansa ya zo gaishe ta, ya durƙusa yana cewa Mama ki yafe mana mun daɗe, ita kuma tana ta tambayarsa mutanen gidansu ɗaya bayan ɗaya, wasu ma sun rasu ba mu ji ba.

Ba mu kaɗai bane Malam Edita. Ka je wajen masu sayar da tsuntsaye ko zomaye, ko shagon maganin dabbobi, ko filin ƙwallo, ko Farin Gada da sassafe lokacin da matan ƙauye suke sauke kaya dillalai suna ciniki, za ka ga mutanen da ake cewa ba sa ga maciji suna ta hira suna bin juna bashi. Yaran da aka haifa bayan 2001 da yawansu ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, irin waɗannan ƙananan harkokin ne kawai suke sa su san sunan juna.

Yanzu ga inda nake da damuwa, kuma shine ainihin dalilin wannan wasiƙa. Da na fara zuwa gidan abokina na tarar yana da karnuka biyu na gadi, a ɗaure suke da rana, kuma ya ɗauko min katinsu na rigakafi ya nuna min, duk shekara yana kai su a yi musu allura. Ni ba na ajiye kare a cikin gida, amma na san addininmu ya yarda da na gadi da na kiwo da na farauta, kuma ko a unguwanninmu ai akwai su a gareji da gidajen gona da wajen mafarauta, ga samari yanzu sun shiga yayin karnukan Turawa masu tsada. Matsalar ita ce da yawa ba a yi musu allurar komai, in sun tsufa ko abinci ya gagara sai a sake su su shiga gari suna bin bola, kuma kare ba ruwansa da wannan unguwar ta su waye, da daddare yana nan da asuba yana can. Kwanakin baya wani ya ciji yaron maƙwabcinmu a ƙauri yana hanyar makarantar allo, mutane suka taru kowa da nasa maganin, wannan ya ce a nemo gashin karen a ƙona a shafa, wancan ya ce a sa toka, da ƙyar wata ma'aikaciyar jinya da ke layinmu ta karɓe yaron ta kai shi bakin famfo ta yi ta wanke wajen da sabulu sannan ta sa aka wuce da shi asibiti. Alhamdulillahi yana nan lafiya, amma da ba ta gida fa?

Ya kamata kowa ya sani, ciwon haukan kare in har alamunsa suka bayyana a jikin mutum, ya fara tsoron ruwa yana fizge fizge, to kusan babu mai tashi. Amma kafin nan ana iya tare shi tsaf. A wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura kuma a cika ta kar a tsaya a ta farko, ko da yaƙushi ne, ko da kyanwa ce ta yi, don ita ma tana ɗauka. Masana lafiya sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi cutar takan daina yawo. Kuma mu a Filato ba mu da uzuri, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana nan Vom a bayan gidanmu tun 1924, can ake haɗa alluran rigakafin dabbobi har da na wannan ciwon ana kaiwa wasu jihohi.

Don haka roƙona ga hukumomi da masu unguwanni shine a riƙa fitowa da rigakafin nan cikin gari akai akai, kyauta ko da ɗan kuɗin da talaka zai iya, kar a jira sai ranar 28 ga Satumba da duniya ta ware wa cutar. Kuma a ajiye teburin a wuraren da suke bakin iyakar unguwanni, filin makaranta ko bakin kasuwa, yadda mai kyanwa daga Gangare ko Rikkos da mai kare daga Tudun Wada ko Jenta za su tsaya layi ɗaya. A sanar a masallaci ranar Juma'a a sanar a coci ranar Lahadi. Na tabbata samari masu tattabarun nan in aka neme su da kansu za su zaga gida gida, don sun fi kowa sanin wane gida ne yake da wace dabba.

Malamanmu ma dan Allah su taɓo haƙƙin dabbobi a wa'azi. Raina yana ɓaci in na ga yara sun rutsa kyanwa a lungu suna jifa wai don baƙa ce mayya ce, ko an ɗaure kare a rana ba ruwa, ko an kwashe 'ya'yan kyanwa a buhu an zubar a bakin rafin Dilimi cikin wannan sanyin. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, to a riƙa faɗa wa yara tun suna ƙanana.

Masu zuwa hutu kuma muna maraba da ku, ku taho da rigar sanyi ko da watan zafi ne don dare yakan juya, da damina kuma har ƙanƙara ake yi, ku riƙe yaranku kar su shiga kududdufan kuza, ruwan a kwance yake a ido amma zurfinsa ya wuce tunani kuma ya ci rayuka da dama. In yaro ya nace sai an saya masa ɗan kwikwiyo ko zomo a bakin titi a tambayi katin allura, a kuma tabbata akwai mai kula da shi in an koma gida.

Kai kuma Malam Edita in da hali ka turo wakilinka wata Asabar da yamma ya zaga wajen masu tattabaru da shagunan likitocin dabbobi, ya tambaye su nawa allurar take da inda ake samunta, a buga da Hausa yadda su Hajiya za su ji in an karanta musu. Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai karanta ku a kullum daga Jos, jihar Filato